Karen da ba ya jin kira ba mai gadi ba ne

Duk wanda dare ke riska a sababbin unguwannin Katsina, daga Layout zuwa wajen Barhim da gidajen da ke ta tsirowa a hanyar Dutsin-Ma, ya san haushin karnuka ya ƙaru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da 'yan bindiga suka yi a Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara ya zauna a zuciyar kowa, waɗanda suka baro ƙauyuka suka dawo birni sun zo da tsoronsu, ɓarayin babura da masu haura katanga kuma ba su daina ba. Mai hali ya ƙara tsawon katanga, ya ɗora waya mai ƙaya, ya ɗauki maigadi. Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba, ko wanda yake son ƙari, sai ya nemo kwikwiyo.

Ban ga laifin wanda ya nemi kare don tsare gidansa ba. Ɗalibai na zaure sun san abin da Risala ta ce, cewa ba a ajiye kare a gida sai don gona ko kiwo ko farauta. Sun kuma san labarin da masu sharhi suke kawowa game da mai littafin kansa, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan: katangar gidansa ta faɗi a lokacin da ake zaman ɗar-ɗar, ya ajiye kare, aka tuna masa da ra'ayin Imamu Malik, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. To mu ma mun riski namu zamanin. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne abin da ke biyo bayan shigowar kwikwiyon gida.

Akwai wata fahimta da ta kama mutane da yawa, wai kare ba ya gadi sai ya zama mugu, kuma ba ya zama mugu sai an wahalar da shi. A kan wannan fahimta ake ɗaure shi tun yana ɗan wata biyu, a ɓoye shi kada ya ga mutane, a rage masa abinci don ya yi zafi, a zuba masa barkono a tuwo, har ka ji wasu samari suna alfahari da abin da suke busa masa a hanci. Na leƙa irin wannan keji a wani gida da ba zan ambata ba. Kwano ne aka rufa a kusurwar da rana ke duka tun hantsi, sarƙar ba ta kai tsawon hannu biyu ba, ta cinye gashin wuyansa har fatar ta yi ja. Robar ruwan ta kife tun safe, kashinsa na gefen kwanon abincinsa, kaska sun cika cikin kunnuwan. Da na matso bai yi haushi ba. Ya lafe da ƙasa, jelar a matse tsakanin ƙafafu, idonsa a kaina. Mai gidan yana murmushi ya ce mini, "Malam, in dare ya yi aka sake shi, ko ni ba na fitowa."

Wannan magana da ya faɗa da jin daɗi ita ce ta tayar mini da hankali. Mutum ya ajiye dabba mai haƙori a gidan da ke da mata da yara, sannan shi da kansa ba ya iya tsayar da ita. Ranar da yaro ya manta ya bar ƙofa a buɗe, wanda zai gamu da karen ba ɓarawo ba ne. Ɓarawo yana zuwa sau ɗaya a shekara, ko ma bai zo ba sam. Wanda ke zuwa ƙofar gida kullum shi ne almajiri mai cewa "iya ko ɗan ƙanzo", da ɗan garuwa da jarkokinsa, da 'yar talla, da yaron maƙwabta da ya biyo ƙwallonsa. A unguwarmu ɗan garuwa aka kama a sharaɓa yana tsaka da juye ruwa a randa, kuma abin da matar gidan ta iya cewa kawai shi ne, "Wallahi bai taɓa yin haka ba." Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Bai taɓa samun dama ba ne.

Ko ta fuskar tsaron da ake nema, lissafin bai fita ba. Karen da aka bari da yunwa shi ne ya fi sauƙin saye: ɓarawo ya jefo tsokar nama mai guba ta saman katanga da magariba, kafin tsakar dare an gama da shi. Karen da ke haushi a kan kowane motsi, daga mage zuwa ledar da iska ta kwaso, cikin wata guda mutanen gida sun daina farkawa saboda shi. Aikin karen gida shi ne ya sanar, ya tayar da masu barci, ya sa mai haura katanga ya sake shawara. Wannan aiki yana buƙatar dabbar da ta san mutanen gidanta, ta san hayaniyar yau da kullum, har ta iya bambance abin da ya saba da abin da bai saba ba. Wanda aka kulle a duhu bai san kowa ba, kowa baƙo ne a wurinsa.

Abin mamaki, addinin da wasu ke fakewa da shi su ce ba ruwansu da sha'anin kare, shi ne ya fi kowa ɗaukar horon kare da muhimmanci. A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, Allah Ya halatta mana abin da dabbobin farauta suka kamo, da sharaɗin an koyar da su. A hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani, Manzon Allah (SAW) ya bambanta karen da aka horar da wanda ba a horar ba, har naman da ɗaya ya kamo ya halatta, na ɗayan bai halatta ba sai an riske shi da rai an yanka. Malaman fiƙihu suka zauna suka fayyace alamar horarren kare: in an tura shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Sun yi saɓani kan sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kamo, amma a kan cewa sai ya bi umarnin mai shi ba a yi gardama ba. Ni a ganina ma'aunin nan ya isa mu auna karnukan gidajenmu da shi. Wanda ba zai iya kiran karensa yana cikin gudu ya juyo ya dawo ba, bai kai ga ajiye kare a cikin jama'a ba.

Kuma ba sai an je Turai neman yadda ake yi ba. Mafarautanmu suna yi. Na zauna da wani dattijo a wani ƙauye tsakanin Mashi da Daura ina kallon yadda yake tafiyar da wani kwikwiyo baƙi da yake kira Duna. Da sassafe ne, kafin a ba shi abinci. Ya ɗaura masa igiya doguwa, irin ta guga, ya bar shi ya yi nisa yana shinshine-shinshine. Sai ya yi fito sau ɗaya, gajere. Kwikwiyon ya ɗago kai. Dattijon bai ja igiyar ba, durƙusawa ya yi ya buɗe tafin hannu. Da Duna ya iso, tun kafin ya gama tsayawa guntun busasshen kifi ya shiga bakinsa, hannu kuma ya sauka a ƙeyarsa yana sosawa. Aka maimaita kaɗan, sai dattijon ya kwance igiyar ya miƙe, alhali kwikwiyon yana son ƙari. Na ce, "Baba, in ya ƙi zuwa fa, ba a ɗan zane shi?" Ya dube ni ya ce, "Yaro, in na kira shi ya zo na doke shi, gobe a dawa in na yi fito me zai dawo yi?"

Ba ina cewa duk mafarauci haka yake ba. Akwai masu yanke wa kare kunne da wuƙa, akwai masu yasar da shi ranar da ya tsufa. Amma abin da dattijon nan yake yi shi ne dai abin da masu horar da karnukan hukumar NDLEA da na 'yan sanda ke yi a duniya: karen da ke gano ƙwaya a cikin jaka a filin jirgi, ladansa ƙwallo ne ko ɗan wasa, kuma don wannan lada yake aikin. Ƙa'idar ba ta da wuya. Kare yana maimaita abin da ya jawo masa alheri nan take. "Nan take" ɗin shi ne inda yawancinmu muke faɗuwa, domin daƙiƙa ɗaya ko biyu ce tsakani. In ka dawo daga kasuwa ka tarar ya yayyaga takalmi tun safe, ka ɗauko bulala, abin da ya fahimta shi ne dawowar maigida tana zuwa da duka. Takalmin ya daɗe da fita daga kansa.

Sauran duk ƙananan abubuwa ne da kowa zai iya. Kalma ɗaya ga kowane umarni, "zo", "zauna", "bari", kuma duk gidan su yi amfani da ita, kada maigida ya ce "zo" uwargida ta ce "taho nan" yara su ce "kis-kis". Minti biyar da safe, biyar da yamma, ya fi awa guda ranar Asabar. Don koya masa zama, ka riƙe ɗan abinci a saman hancinsa ka ɗaga shi baya kaɗan, zai ɗaga kai, gindinsa ya sauka da kansa, a lokacin ka ce "zauna" ka ba shi. Ɗan dafaffen hanta ko ƙanzo ya wadatar. A guji abin da ke da albasa da yawa, tana cutar da jinin kare, haka ma dafaffen ƙashin kaza da ke tsagewa ya soke hanji.

Lokacin da ya fi kowane tsada shi ne tsakanin sati uku zuwa kamar sati goma sha biyu ko sha huɗu na rayuwar kwikwiyo. Abin da ya gani a wannan tsakani ya ga bai cutar da shi ba, zai ɗauke shi a matsayin abin duniya na yau da kullum har ya mutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A lokacin ne ya kamata ya ga mai rawani da mai hijabi, ya ji ƙarar babur da janareta, ya zauna kusa da kaji da awaki yana kan igiya ana ba shi lada in ya kau da kai. Mu kuwa daidai wannan lokaci ne muke kulle shi. Daga baya sai a zo ana kukan ya kashe zakaran maƙwabci, yana bin Keke Napep, ba ya barin baƙo ya shiga zaure. Duk ana iya gyara su, amma aikin sati biyu ya koma na wata shida.

Ɗauki bin babur. Kare ya ga abu yana gudu, ya bi shi da haushi, abin ya tafi. A tunaninsa shi ya kore shi, kuma kullum yana cin nasara, don haka kullum yana ƙara ƙwarewa. Jifa daga ɗan acaɓa ba ya rage komai, ƙara masa tabbaci yake cewa babur abokin gaba ne. Maganin shi ne a hana shi samun damar bi, a tsaya da shi kan igiya nesa da titi inda zai ga babur bai harzuƙa ba, duk wanda ya wuce ya dubi mai shi a ba shi lada, a riƙa matsowa sannu a hankali cikin kwanaki. Haushin dare ma sau da yawa na gajiya da zaman banza ne. Dabbar da aka halitta don ta yi tafiyar kilomitoci, an ɗaure ta awa ashirin, dole ƙarfin ya fita ta wani wuri. A fita da shi bayan Asuba ya zaga, a gani in maƙwabta ba su samu barci ba.

Abu ɗaya da nake so iyaye su riƙe shi ne maganar gurnani. In kare yana cin abinci yaro ya matso ya yi gurnani, mukan kai masa duka don ya daina rashin kunya. Ya kuwa daina, amma gurnanin kaɗai ya daina, tsoron a ƙwace masa abinci yana nan. Gaba in yaro ya matso, babu sauran gargaɗi, sai cizo. Gurnani, da sandarewar jiki, da lasar leɓe ba abinci a kusa, da kau da kai ana ganin farin ido, duk kare yana cewa a ba shi wuri ne. A janye yaron, a ciyar da karen inda ba mai damunsa, sannan babba ya riƙa wucewa yana jefa masa abin da ya fi na cikin kwanon daɗi, har ya gane zuwan mutum ƙari ne a gare shi.

Mu da ba mu ajiye kare ma muna da namu kason. Yaranmu sun tashi da cewa duk karen da aka gani a jefe shi, manya na zaune a dakali suna dariya. Karen da ya sha jifa daga yara tun yana ƙarami zai girma yana ganin kowane yaro a matsayin mai dutse a hannu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki umarni ne da ake bi don ibada. Kuma duk mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba wanda ya ce ka rungume shi. A koya wa yaro dai kada ya jefa, in kuma kare ya nufo shi kada ya ruga, ya tsaya cak, ya haɗe hannuwa a jiki, ya kau da ido.

Sai wani sabon yayi na masu kuɗi: karnukan ƙetare. Alseshan, Rottweiler, Boerboel na Afirka ta Kudu, har da wani jibgege mai gashi da aka samo asalinsa daga duwatsun Kokeshiya masu ƙanƙara. A kawo irin wannan Katsina, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, a sa shi ƙarƙashin kwano. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma dabbar da zafi ya gallaba ba ta da haƙuri. Wasunsu sun kai nauyin buhun siminti, an kuma damƙa igiyarsu a hannun yaron gida ɗan shekara goma sha biyu. Karenmu na gida, siriri mai gajeren gashi, ya fi jure zafi da ciwo, ya fi sauƙin ciyarwa, kuma kunnensa bai gaza na kowa ba. Raini ne kawai ya sa ba a ganin darajarsa.

Na san akwai mai cewa, mutane na fama da tsadar masara da kuɗin fansa, kai kana zancen tarbiyyar kare. Amsata ita ce ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar takan kwanta a jiki wata biyu ko uku, har ciwon ya warke a manta, sannan ta bayyana da tsoron ruwa da firgita, a ce aljanu ne. In ta kai nan kusan ba mai tashi. Talaka ne ke mutuwa da ita, domin shi ne ke tafiya a ƙasa kuma shi ne allurar bayan cizo ke yi wa tsada. Alhali rigakafin yana nan tun 1885 da Louis Pasteur ya fara gwada shi a Faransa, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin na karnuka a nan gida. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, yaɗuwar cutar takan tsaya. Amma wa zai riƙe wa likitan dabbobi karen da mai shi ma yake tsoro? Horo da allura tare suke tafiya. Karen da ya saba a taɓa masa wuya da kunne da ƙafa shi ake iya yi wa allura daga wata uku da haihuwa, a maimaita duk shekara.

In tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cif, a tafi asibiti a ranar, ko da ƙarzuna ce kawai. Ƙona gashin karen a shafa a ciwo ba ya maganin komai. Kada kuma matasa su yi saurin kashe karen su jefar a kwata: a tsare shi kwana 10 a ga halinsa, ko a kira ma'aikatan dabbobi, amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a fara yi wa wanda aka ciza allura.

Hukuma ma tana da aiki, kuma ba sabon aiki ba ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da yadda ake ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu. Abin da nake so in gani daga ƙaramar hukumar Katsina da Batagarawa da Daura ba ya buƙatar kwangila: littafi a hannun kowane mai unguwa, a rubuta gidan da ke da kare da ranar allurarsa ta ƙarshe, a kuma ware ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya, a fito da ma'aikatan dabbobi ƙofa-ƙofa. Zuba guba a juji don rage karnukan titi an gwada shi a ƙasashe da yawa bai yi aiki ba, wasu ne ke cike gurbin muddin sharar mahauta na nan a zube. Sannan mai kare ya san akwai lamuni a kansa. Malaman Malikiyya sun ɗora wa mai kare mai cizo alhakin ɓarnarsa in an riga an gargaɗe shi. Kuɗin allura da na jinya da kwanakin da ɗan garuwa ya yi bai tura baro ba, mai karen ne zai biya, ba "Allah Ya kiyaye gaba" kaɗai ba.

Saura waɗanda aikin gama ya gama musu, masu babban kare da ya riga ya lalace. Da yawansu ana iya rage musu zafi: a kwance sarƙa a yi masa fili mai inuwa da ƙofa biyu, a ƙosar da shi, a duba ko ciwo ne ke damunsa don haƙori ko kunne mai ruɓa yana sa cizo, a saba masa da takunkumi ta hanyar sa abinci a ciki, a nemi shawarar likita kan dandaƙa. Wanda kuma ya ciji mutane fiye da sau ɗaya, cizo mai zurfi, gidan kuma da yara, gaskiya ita ce a kai shi asibitin dabbobi a kawo ƙarshensa ba tare da azaba ba. Abin da wasu ke yi, su sa shi a but ɗin mota da dare su sauke shi a bayan gari ta hanyar Jibiya ko Kaita su juyo, ɗora bala'in ne a kan 'ya'yan mutanen ƙauyen da ke fita ɗiban ruwa da sassafe, kuma su ne suka fi kowa nisa da asibitin da ke da allurar.